Kollo ba unguwar Yamai ba ce

Sannu da ƙoƙari, amma kiran Kollo "bayan garin Yamai" da kuka yi bai yi mini daɗi ba. Gunduma ce guda a jihar Tillaberi, mutanenta sun haura 400,000 tun ƙidayar 2012, galibi Zabarmawa, ga Fulani da Hausawa. Jama'a sun fi cunkushewa a kwarin kogin Isa, don can ruwa yake. Ku je Libore ko N'Dounga ku ga fadamun shinkafa, kore shar ko da rani, mata na ɗaurin latas da albasa za a kai kasuwannin Yamai. Ambaliyar 2020 kuwa ta cinye gonaki da yawa a wannan kwari. Su kuma raƙuman dawan Kure, wadda ita ma cikin gundumar Kollo take, a can tudu suke.