Kafin mu kira Majalisar Ɗinkin Duniya

Duk ranar da aka tsare wani ba bisa ƙa'ida ba, sai ka ga an cika Facebook da kiran Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawo ɗauki. A ganina mun ɗora wa yarjejeniyoyin duniya kayan da ya fi ƙarfinsu.

Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948 da ake yawan ambato, sanarwa ce kawai, ba ta tilasta wa kowace ƙasa komai ba. Sai a 1966 aka samu yarjejeniyoyi biyu masu ɗaure ƙasar da ta amince da su, su ma sai 1976 suka fara aiki. Kuma ko ƙasa ta rattaba hannu, a wurare irin su Najeriya da Birtaniya sai majalisa ta mayar da yarjejeniyar doka kafin alƙali ya yanke hukunci da ita. Kenya ta bi wata hanya, tsarin mulkinta na 2010 ya ce duk yarjejeniyar da ta amince da ita ta zama dokar ƙasa.

Kotunan waje kuwa, yawancinsu ba sa sauraronka sai ka ƙure kotunan gida. Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ma, sai gwamnatinka ta ba da izini na musamman kafin ka kai ƙara kai tsaye. Ruwanda ta janye nata a 2016, Tanzaniya mai masaukin kotun ta bi sahu a 2019. Abin kunya!

Ban ce ba su da amfani ba. A 2008 kotun ECOWAS ta samu Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar da ita baiwa tana da shekara 12, ta umarci a biya ta saifa miliyan 10. Amma mutum nawa ne ke samun lauyoyin da za su kai shi can?

Wanda aka kama daren Juma'a aka ƙwace masa waya, abin da zai fito da shi shi ne sashen tsarin mulki da ya ce a gurfanar da shi gaban alƙali ba tare da jinkiri ba, da lauyan da zai je caji ofis ya nemi beli, da alƙalin da in ya ce a sake shi za a sake shi. Gwamnatin da ta saba yin kunnen uwar shegu da umarnin kotunta, wasiƙa daga ofishin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Janiba ba za ta girgiza ta ba.