Kasuwar Fim ta Berlin da Ofisoshin Zoo Road: Inda Hanya ta Raba

Duk watan Fabrairu, idan bikin fina-finai na Berlinale ya kankama a nan Jamus, akwai kasuwar da ke ci a gefensa, a ginin Gropius Bau, wato European Film Market. Rumfuna ne da tebura, da mutane rataye da katin shiga a wuya, kowa idonsa na kan agogo. Duk wanda ya san yadda ake ƙulla hulɗa a ofisoshin 'yan fim na Zoo Road a Kano, ya shigo nan sai ya ɗauka mutanen ba su da kara. Ba rashin kara ba ne. Tsarin ne daban, kuma rashin saninsa ke sa namu su kashe kuɗin jirgi su koma hannu rabbana.

A Kano zama ke kawo sani. Ka zo ofis ka gaisa, gobe ka dawo, jibi wani ya kai ka gaban furodusa ya ce yaronsa ne kai. A Berlin ganawa minti 20 ce zuwa 30, kuma jadawalin manyan ya cika tun kafin a buɗe ƙofa. Don haka aikin yana farawa ne kamar mako shida kafin tafiya: a duba jerin mahalarta, ko rumbun Cinando inda ake samun kamfanoni da abin da suke saye, a ware mutum 15 zuwa 20 da suka taɓa riƙe fim irin naka, a tura wa kowa imel na layi biyar. Biza kuwa, ƙa'idar bizar Schengen, wadda ake shiga Jamus da ita, ta ba da damar nema tun wata shida kafin tafiya, to jira har Janairu ganganci ne.

Sai sanin wa kake magana da shi. Dillalin fim yana neman abin da zai sayar wa ƙasashe. Mai zaɓen fina-finai na biki yana neman abin da ba a taɓa nunawa ba. Ma'aikacin asusun tallafi, irin World Cinema Fund na Berlinale ko Hubert Bals na Rotterdam, yana duba rubutu da kasafi. Ka ba su bayani iri ɗaya, ka yi asarar duka ukun.

Guzurin ba shi da yawa: labarin a jimla biyu, takarda ɗaya mai ɗauke da tsawon fim da kasafi da nawa aka riga aka samu, sai ɗanɗanon fim ɗin na minti biyu zuwa uku a shafin bidiyo na Vimeo da kalmar sirri, da kwafinsa a waya saboda intanet na iya ba da kunya. Fassarar da ke ƙasan hoto ita ce ta fi kayar da mu. An saba miƙa ta ga duk wanda ke kusa da edita, ya fassara karin magana kalma da kalma. Baƙon da bai ji Hausa ba, da wannan rubutun zai auna labarinka gaba ɗaya. A biya wanda ya iya. Haka kuma fim ɗin da aka riga aka ɗora a YouTube ya rasa matsayin nunin farko, kuma manyan bukukuwa ba sa karɓarsa. A gida ɗorawar ita ce kasuwa, a nan rufe ƙofa ce.

Inda bambancin ya fi zurfi shi ne neman gyara. A wurinmu ka nuna wa babba aiki, zai ce masha Allah, Allah ya ƙara basira. Gyaran na gaskiya sai ka ji shi a bakin wani bayan kwana uku, ko a sharhin masu kallo bayan bakin alƙalami ya bushe. A nan ma akwai irin tasu karar: wanda ya ce maka aikin yana da ban sha'awa, ku ci gaba da zumunci, galibi a'a ya ce. Maganin abin shi ne kada a tambayi "ya ka gani?" A tambaya: a wane minti hankalinka ya bar fim ɗin? Me ka fahimta jarumar ke so? Wane ne bai da amfani a labarin? Sannan a yi shiru a rubuta. Da ka fara kare kanka, mutumin zai koma yabo, don shi ma ba ya son gardama da baƙo.

Amma ba kowane gyara ake ɗauka ba, kuma nan nake ganin ɗan Kano ya fi da yawa daga cikin masu fim na nan. Ya san mai kallonsa, har ya san wurin da za ta yi tsaki. Idan mutum uku da ba su san juna ba suka tsaya a wuri ɗaya, to akwai matsala a wurin, ko da maganin da suka bayar bai dace ba. Idan kuwa mutum ɗaya ne ya ce a cire waƙa, ko a ƙara nuna talauci don fim ya "yi kama da Afirka", wannan ɗanɗanonsa ne da kasuwarsa. A rubuta, a yi godiya, a ajiye.

Bayan taro, imel cikin mako guda, a ambaci ainihin abin da ya faɗa, a haɗa abin da ya nema kawai. Kada a bi shi WhatsApp da barka da Juma'a sai in shi ya ba da lambar. Wanda kuɗin Berlin ya fi ƙarfinsa, Durban FilmMart ta Afirka ta Kudu da kasuwar MICA ta bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu suna tafiya a kan wannan tsarin, kuma ɗan Najeriya ko Gana ba ya buƙatar biza zuwa Wagadugu muddin yarjejeniyar zirga-zirgar yankin na aiki, sai dai a tabbatar da halin da ake ciki kafin a yanki tikiti.