Duhun da ke zuwa a kan lokaci

Ranar da aka dawo da ɗauke wuta a farkon 2025, bayan kusan wata goma ana shan wuta ba yankewa, muna tsaye a matakalar benenmu a Mayfair, cikin Johannesburg ta Afirka ta Kudu, kowa ya kunna fitilar waya. Wata dattijuwar maƙwabciyata ta dube ni ta ce, "Kai ai ɗan Najeriya ne, wannan ba komai ba ne a wurinka." Na yi yaƙe na wuce, amma maganar ta kwana tana cina.

Ɗauke wutarsu ta nan da jadawali take zuwa. Akwai manhajar EskomSePush, ka sa sunan unguwarku ta gaya maka ƙarfe nawa za a ɗauke, ƙarfe nawa za a kawo. Mata su gama girki kafin lokacin, mai aski ya tsara kwastomominsa. Danjojin titi su mutu, sai ka ga mabarata sun shiga tsakiyar mahaɗa suna ba motoci hannu, direbobi na miƙa musu 'yan canji.

Kada wani ya ɗauka waliyyai ne. A 1994 kusan kashi ɗaya cikin uku na gidaje ne ke da lantarki, aka yi ta ja wa unguwannin baƙar fata waya, buƙata ta ƙaru. Tun 1998 takardar gwamnati ta yi gargaɗin wutar za ta gaza wajen 2007, aka yi kunnen uwar shegu. Da aka farga aka fara gina manyan tashoshin kwal na Medupi da Kusile, nan ɓeraye suka samu rumbu. An ci, ci na fitar hankali.

Sai dai an tona. Kwamitin Alƙali Zondo na binciken wawure dukiyar gwamnati ya zauna daga 2018 zuwa 2022, ana haska shi a talabijin, manyan Eskom, kamfanin lantarkin ƙasar, suna share zufa. Kamfanin ba da shawara na McKinsey ya mayar da kusan rand biliyan ɗaya, kuɗin ƙasar. Kamfanin ABB ya amince ya mayar da rand biliyan 1.56 kan kwangilar Kusile. Ita Kusilen, da duk satar da aka tafka a cikinta, megawat 4,800 aka tsara mata, kusan abin da mu 'yan Najeriya sama da miliyan 200 muke rabawa ke nan. Tashar lantarkin Mambila kuwa tun ina yaro nake jin sunanta.

Na so in ce wa dattijuwar mu ma an sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, muna da rana da iskar gas da Kainji. Me zan ƙara bayan nan? Bara taransifomar layinmu ta ƙone, Hajiya ta kira ni in turo kason gidanmu na karo-karo. Wata biyu suna cikin duhu, takardar kuɗin wuta kuma ba ta fasa zuwa ba.

Abin da ya fi ci mini rai, gaskiya matar ta faɗa. Duhun bai dame ni ba. Na shiga ɗaki na zauna, shiru kamar maƙabarta, ba ƙarar janareta, ba yaran da za su kwashe da ihun "NEPA!" in an kawo. A gida da yanzu an fito da tabarmi tsakar gida, Hajiya na fifita da maficinta tana yi wa jikoki faɗa. Na kira ta, wayarta a kashe. Ƙanwata ta ce an kai ta caji bakin titi.