Ku bar ta da muguntarta

Eh, na ga sharhin da wani Malami ya rubuta a kan Gone Girl, littafin Gillian Flynn. Don Allah ku daina turo min shi, wayata ta gaji. Na karanta har ƙarshe, har inda Malam yake cewa wai Gone Girl ya yi daɗi amma jarumar ba ta da tarbiyya, wai da marubuciyar ta san aikinta da ta sa ta yi nadama a babin ƙarshe, ko kuma a kama ta a ɗaure. Nadama! Mutum ya ɗauki labarin kisan kai da hannunsa, ya kwana bai runtsa ba saboda shi, gari ya waye ya zo yana cigiyar tarbiyya a ciki. Sannu da ƙoƙari Malam, Allah ya ƙara basira.

Shi fa wannan Malamin ne kwanakin baya ya cika mana kunne da yabon Hannibal Lecter na cikin littattafan Thomas Harris. Kaifin basira, natsuwa, iya magana, ba abin da bai lissafa ba. Lecter da ke yanka mutane ya dafa ya ci, har yana zaɓen giyar da za ta dace da hantar. A nan ba mu ji maganar tarbiyya ba. Sai da aka zo kan Amy Dunne, jarumar Gone Girl, sannan aka tuna akwai wani abu wai shi tarbiyya. Me ya raba su? Ita mace ce. Shi ke nan laifinta, sauran duk kame-kame ne.

Kada wani ya ce min ina wanke ta. Amy muguwa ce ta ƙin ƙarawa, kuma wanda bai karanta ba ya yi haƙuri, littafin tun 2012 ya fito. Ta shirya ɓacewarta ranar da aurensu ya cika shekara 5. Ta zubar da jininta a ɗakin girki, ta goge sama-sama yadda 'yan sanda za su gano an goge. Ta zauna ta rubuta kundin sirri na ƙarya, shafi bayan shafi, tana nuna kanta a matsayin baiwar Allah mai tsoron miji, duk don a rataya wa mijin laifin kisa a jihar Missouri inda ake yanke hukuncin kisa. Daga baya ta kashe wani mutum, ta dawo gida, ta ci bulus. Wannan ai shi ne labarin. Ka cire muguntar, me ya rage da zai hana ka barci?

Ku duba maza a irin waɗannan littattafai tun fil'azal. The Sign of Four na 1890 ya buɗe ne da Sherlock Holmes yana yi wa kansa allurar hodar iblis, abokinsa likita na kallo yana takaici. Har gobe gwarzo ne. Harry Hole na Jo Nesbø mashayi ne na bugawa a jarida, ya tarwatsa rayuwarsa da ta duk wanda ya raɓe shi, masu karatu suna cewa ai ciwon da ke ransa ne. Tom Ripley, wanda mace ma ta ƙirƙira, Patricia Highsmith, a 1955 ya kwaɗa wa abokinsa matuƙin kwalekwale a ka, ya jefa gawar a teku, ya sa kayansa, ya ɗauki sunansa, ya ci dukiyarsa. Littafi biyar aka yi da shi har zuwa 1991, ba a taɓa ɗaure shi ba. Wa ya nemi ya tuba? Namiji ya lalace a ce yana da zurfi. Mace ta lalace a ce ba ta da tarbiyya.

Kuma ko sharhin Malam bai kai wani abu ci min rai ba. Idan aka ga dama aka yarda mace ta zama muguwa a labari, sai an fara karɓar kuɗin shiga a hannunta. Dole a nuna an yi mata fyaɗe, ko uba ya azabtar da ita, ko ɗanta ya mutu, ko miji ya haukata ta. Sai ta gabatar da takardar uzuri sannan a ba ta izinin ɗaga hannu. Ina son Lisbeth Salander ta littattafan Stieg Larsson har raina, yarinyar da ta ɗaure mai kula da ita ta yi masa zanen da ba ya gogewa a ciki tana tona asirin abin da shi ne. Amma ku faɗi gaskiya, da Stieg Larsson bai fara nuna mana cin zarafin da mutumin ya yi mata dalla-dalla ba, da mutum nawa ne za su tafa mata? Mun yafe mata ne don mun ga ta biya da jikinta. Ita Amy ba ta biya komai ba. Iyayenta sun mai da ƙuruciyarta littattafan yara suna samun kuɗi, mijinta ya ci amanarta, iyakar ke nan. Uzurin bai kai girman ɓarnar ba, shi ya sa ake jin haushinta. Ni kuwa shi ya sa na ɗauke ta da muhimmanci.

Bari in ajiye zolaya. Akwai abin da waɗannan matan suke faɗa wanda jarumar kirki ba za ta iya faɗa ba. Rachel ta The Girl on the Train, na Paula Hawkins, 2015: an kore ta daga aiki saboda shaye-shaye, amma kullum sai ta shirya ta hau jirgin ƙasa zuwa Landan ta dawo da yamma, don kada wadda take zaune a gidanta ta gane. Tana zaune jikin taga da gwangwanin giya a hannu, tana leƙen gidajen mutane, tana ƙirƙira musu zaman lafiyar da ita ta rasa. Ranar da ta ga abin da ya kamata 'yan sanda su ji, ba wanda ya yarda da ita, don mashayiya ce kuma ita kanta ba ta tuna daren sosai. Mu ma masu karatu ba mu yarda da ita ba. A kan wannan rashin yardar aka gina littafin gaba ɗaya, kuma duk macen da ta taɓa faɗin gaskiya aka dubi halinta aka watsar da maganar ta san wannan zafin. Ka tsaftace Rachel ka mai da ita mutuniyar kirki, ka kashe labarin.

Wai 'yan mata za su kwaikwaya. To samari nawa suka fara cin naman mutane saboda Lecter? Wai tana zubar da mutuncin mata. Wa ya naɗa ta wakiliyar mata? Ban taɓa jin an ce Ripley ya zubar da mutuncin maza ba. Wai ƙaryar fyaɗen da Amy ta yi za ta sa a daina yarda da mata. Na ji, an yi wannan muhawarar tun littafin na sabo, har aka zargi Gillian Flynn da ƙin jinin mata. Masu ƙaryata mata ba littafi suke jira ba, da can ma suna yi.

Kai, ba ma sai mace ta yi kisa ba. A Breaking Bad, shirin talabijin mai dogon zango, Walter White ya dafa ƙwaya, ya sa wa ƙaramin yaro guba, ya tsaya yana kallon yarinya tana mutuwa bai taimaka ba, 'yan kallo na jinjina masa. Matarsa Skyler da ta ce masa abin da yake yi bai dace ba, ita aka tsana, har Anna Gunn da ta fito a matsayin ta rubuta maƙala a New York Times a 2013 kan ƙiyayyar da ta tsallake daga fim ta iso kanta. An bar jaki ana dukan taiki. Daga 1934 zuwa 1968 masana'antar fim ta Amurka tana da ƙa'idar da ta ce mai laifi ba zai ci riba a labari ba. An yi watsi da ita tuni. Malam so yake a dawo da ita, amma ta mata zalla.

Af, tunda na ambaci Larsson. Mutumin nan ya mutu a 2004 yana da shekara 50, bai ga ko littafi ɗaya a kasuwa ba, na farkon sai 2005 ya fito. Eva Gabrielsson da suka shafe shekara 32 tare ba ta gaji komai ba, saboda ba su yi aure ba kuma bai bar wasiyya mai ƙarfi ba, dokar Suwidin ta miƙa komai ga mahaifinsa da ƙanensa. Su ne kuma suka ba wani marubuci izini ya ci gaba da Lisbeth a 2015, ita tana cewa ba ta yarda ba. Ni dai ban sayi wancan ba, kuma kada kowa ya kawo min aro.