Maganin da ya koyi barin ƙoda lafiya

Tun shekarun 1950 likitoci ke amfani da amphotericin B wajen kashe ƙwayoyin cuta dangin yisti idan sun shiga jini ko ƙwaƙwalwa. Ƙarfinsa ba a musu, amma ɓarnarsa ma haka: zazzaɓi, rawar ɗari, zubewar potassium, uwa uba lalata ƙoda. Dalili kuwa, kitsen da yake kamawa a bangon yistin yana da kama da kolestarol na jikin mutum.

Dabarar da aka yi ita ce cusa maganin cikin ƙwallayen kitse da ba su kai nanomita 100 ba (nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na milimita). Shi ne AmBisome, wanda Amurka ta amince da shi a 1997. Maganin na zama a kulle har ƙwallon ya manne wa yistin, don haka kaɗan ne ke taɓa ƙoda. Ƙarfinsa bai ƙaru ba, amma an samu damar ƙara yawansa: tsohon amphotericin da wuya ya wuce miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki, sabon ana ba da 3 zuwa 5. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar miligiram 10 ga kowane kilo sau ɗaya tak, tare da magungunan flucytosine da fluconazole na kwana 14, ga masu ƙanjamau da sanƙarau na yistin Cryptococcus ya kama, bayan gwaji a ƙasashen Afirka biyar.

A ganina, ƙaddarar wannan magani a hannun mai haɗa shi take. Kwalbar miligiram 50 ana zuba mata mililita 12 na ruwan allura zalla, a girgiza daƙiƙa 30, a ratsa shi ta matatar da ke zuwa da ita, sannan a sirka cikin ruwan sukari mai kashi 5 cikin ɗari. Ruwan gishiri na sa shi daskarewa, don haka ko layin ƙarin ruwan sai an wanke da ruwan sukari. Wanda ya ba da tsohon a ma'aunin sabon kuwa, zai iya kashe majinyaci. Ajiya kada ta wuce digiri 25, kuma duk wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu ya san sai da firji.

Ƙaiƙayin gaba na mata da yistin Candida ke kawowa ba ya buƙatar wannan. Clotrimazole na matsi, ko fluconazole miligiram 150 ga wadda ba ta da ciki, yakan wadatar. Mai tallar man shafawa da sunan "nano", wato mai iƙirarin irin wannan dabara, a tambaye shi a kan mutum nawa aka gwada.