Kawu da Reshen Hadaya

Wanda ya ga hoton bonsai, wato bishiyar da ake reno a 'yar tasa don ta zauna ƙarama, zai ɗauka aikin aski ne kawai. Ina! A shekarun farko kauri ake nema, ba kyau ba. 'Yar bishiyata ficus ce, dangin su cediya, mai zubar da farin ruwa in an yanke ta. Masu wannan sana'a a Japan, waɗanda suka gaje ta daga mutanen Sin, suna barin reshe ɗaya can ƙasa ya yi ta tsawo son ransa, domin yawan ganyensa ne ke sa gindi ya yi ƙiba. In ya gama aikinsa sai a sare shi. Reshen hadaya ke nan. Nawa ya kai tsawon hannuna, ya miƙe gefe guda, muni kam ba a magana.

Ana haka Kawu ya zo mana kwana biyu. Tun da ya yi ritaya hannunsa bai san zama ba.

"Kai ɗan nan, sata ta yi ne ka ɗaɗɗaure ta da waya?"

Na gyara zama na yi masa bayani. Wayar alminiyam ce, Kawu, ana naɗa ta a reshe don a lanƙwasa shi, a karkace, digiri 45, kaurinta kamar kashi ɗaya cikin uku na reshen, kuma ana kwance ta kafin ta ci ɓawo. Na nuna masa ƙananan rassan da nake ji da su, yadda nake barin sabon tsiro ya yi ganye shida zuwa takwas sannan in mayar da shi biyu. Na ce saman ake fi dannewa, don bishiya can take tura ƙarfinta, ta bar na ƙasa da yunwa.

"Wato da gangan kake hana ta girma?"

Na ce ƙwarai. Ya dube ni irin duban da ake yi wa mara lafiyar da bai san yana ciwo ba, ya ce Allah ya kyauta.

Washegari na dawo daga aiki na tarar da shi a kujera yana kaɗa ƙafa, fuska fal annuri. Wayoyina duk ya warware, ya miƙar da su, ya naɗe tsaf. Ƙananan rassan nan kuwa, ko ɗaya bai bari ba, wai 'yan cin banza ne. Reshen hadaya kaɗai ya tsira, don a cewarsa shi ne mai zuciya. Har sanda ya kafa masa ya ɗaure shi tsaye. Sannan ya fid da baiwar Allah daga 'yar tasarta ya dasa ta a bokitin wanki, bayan ya huda gindinsa da ƙusa.

Me zan ce? Kawu ne. Na ce an gode, muryata na rawa. Ya ce ba komai, yi wa kai ne.

Abin haushin, ficus ba ta da zuciya. Saiwa ta samu fili, sai ga tsiro ta ko'ina a jikin kututturen, gindi ya yi kaurin da ban taɓa samu ba. Matata ce ta tura masa hoto, ban san da wace niyya ba.

Jiya ya bugo waya yana tambayar lafiyar bishiyarsa. Ya ce in daina taɓa ta, yana nan tafe ƙarshen wata, kuma ya sayi zarto.