Ƙwan kifaye da na cinye a Rabat

Duk mai shirin yawo a bakin tekun Maroko, ya bar farar shadda a masauki. Ni da ita na fita a Rabat, sabuwa dal, ga hula kube, wai zan ɗauki hoton tarihi.

Da Shalla, wani wurin tarihi a gefen birnin, muka fara. Ƙaramar tasi shuɗiya ce ke kai mutum, fasinja uku kawai take ɗauka, kuma ka sa direba ya kunna mita kafin ya ja. Kufai biyu ne a wuri guda: ragowar garin Rumawa mai suna Sala, da maƙabartar sarakunan Banu Marin, wadda Sarki Abul Hasan ya kewaye da ganuwa, aka gama ƙofarta a 1339. Masallacin da zawiyar duk babu rufi, lambu ya mamaye su, shamuwa kuma sun kafa sheƙa a kan hasumiya. Ba irin tamu ba ce, wannan farare ne, manya. Dokar wurin ɗaya ce: inda ka ga ƙasa ta yi fari fat, kada ka tsaya. Nan na tsaya ina gyara wuyan riga, aka yi mini hatimi daga sama, tun daga kafaɗa har aljihu.

Can gefe akwai wani kududdufi a inuwa. Wani dattijo ya miƙo mini dafaffen ƙwai biyu, na biya, na ɓare, na yi bisimilla. Har ina neman gishiri. Sai na ga mata sun zuba mini ido, Hajiya ta ja hannun rigata: "Alhaji, na kifi ne fa!" Ashe kifaye ne a ciki masu siffar maciji, mata masu neman haihuwa ke jefa musu ƙwai. Na riga na haɗiye na biyun. Hajiya ta ce 'ya'ya bakwai sun ishe ta, kada in ja mata.

Hasumiyar Hassan ba ta ba ni matsala ba. Sarki Yakubu al-Mansur ya fara ta, ya rasu a 1199, aiki ya tsaya a mita 44. Ba a hawa, sai kallo daga ƙasa.

Ƙarshen wahala sai a Kasbar Udaya, ganuwar zamanin daular Muwahhidun da ke daidai inda kogin Bu Ragrag ke shiga tekun Atlantika. Lungunan hawa ne da gangara, dutsen ya goge, takalmin fata mai santsin ƙasa ba ya riƙe shi. A sa na roba. Masu lalle kuma kan cafke hannun mace su fara zane kafin a yi ciniki, don haka Hajiya ta ɓoye nata cikin mayafi.

Da muka fito dandalin da ke kallon garin Sale na yanzu, da ke tsallaken kogin, iskar teku ta shige babbar rigata ta kumbura ta kamar tantin biki. Hannu biyu na sa na danne ta, babu na ukun da zai riƙe hula. Ina ji ina gani kube ta bi iska, ta sauka cikin kogi, ta nufi tsallake. Wani mai kwalekwale ya ɗago ta da filafili, ya duba, ya matse ruwan, ya kafa a kansa.